Farfesun da ya kulle wa 'yata karatun tuƙi

Goggo Ofelia,

Don Allah ki taimake ni da shawara. Gidana cike yake da murna, amma ni ina yawo da wani sirri da na kasa faɗa wa kowa. Kada ki buga sunana a jarida. A nan garinmu Weslaco ko tari mutum ya yi a kantin burodi, kafin ya isa gida dangin mijinsa sun aiko da magani.

'Yata Yaretzi ta cika shekara goma sha biyar a watan Maris, kuma ranar Talatar da ta wuce ta karɓo takardar koyon tuƙi. Da ma kin ga yarinyar nan lokacin da ta fito daga ofishin, ta ɗaga takardar sama tana tsalle tsakanin motoci, har wani tsoho da ba mu san shi ba ya tsaya yana tafa mata. Ni kam kuka na yi, ban ɓoye ba. Karatun dokokin hanya duk a kwamfuta take yin sa, a kan teburin kicin, kuma jarrabawar ma a nan ta ci ta. Ubanta Eusebio yana aikin rijiyoyin mai can yamma, sati biyu a can sati ɗaya a gida, saboda haka sunan surukina, Baba Nicanor, aka rubuta a matsayin mai koya mata a cikin mota. Tsohon sai ɗaga kafaɗa yake yi, har wanke a-kori-kurarsa ya yi sau biyu a rana guda.

To ga inda gizo ke saƙar. Doka ta ce mai koyo ba ya tuƙi sai da mai lasisi zaune a gefensa, ni kuwa ba ni da lasisi. Shekara ashirin kujerar gefen direba tawa ce, ni ke riƙe ruwan sha, ni ke cewa a rage gudu. Yanzu an mayar da ni baya tare da ledojin cefane, ina kallon ƙeyar 'yata da ta kakanta.

Tun Yaretzi tana 'yar shekara biyar ta tambaye ni me ya sa iyayen ƙawayenta ke tuƙi ni ba na yi. Na ce mata idona ne ba ya gani sosai daga nesa. Ƙarya ce, Goggo. Idona garau yake, daga ƙofar gidana ina hango ƙurar da ke kan tagar maƙwabciyata. Gaskiyar maganar ita ce, ina amarya, wata uku da biki, Eusebio ya ce zai koya mini mota a lambun lemon babansa, ranar Lahadi bayan coci, dangi duk sun taru ana gasa nama. Na sa ribas maimakon gaba, na taka totur maimakon birki, motar ta zauna daram a cikin ramin ban-ruwa, ni a ciki da rigar cocina. Sai da aka kawo tarakta ta jawo mu. Dariyar da aka yi ranar har yau tana kunnena. Har gobe in Baba Nicanor zai yi wa ma'aikata kwatance a lambun, cewa yake yi, "Ku bi ta wajen tafkin amarya." Sa'ata ɗaya, Yaretzi ba ta taɓa tambayar wace amarya ba ce.

Da ta fara karatun nan, ni ina gefe ina guga ko ina tsince wake, muryar matar da ke cikin kwamfutar tana shiga kunnena. Tun ina yi kamar ban ji ba, har na fara sanin amsa kafin ita, ina haɗiye ta a ciki. Wata safiya a watan Afrilu, motar makaranta ta ɗauke ta, ta bar kwamfutar a buɗe. Na ce bari in leƙa kawai. Goggo, leƙen nan ya cinye darasi biyu cur, na tuƙi cikin ruwan sama da na tsallake layin dogo. Daɗin da na ji, rabona da irinsa na manta. Ban san kwamfutar za ta rubuta cewa Yaretzi ce ta gama su ba.

Ana cikin haka sai ga tambaya ta faɗo a fuskar kwamfutar. Ashe lokaci zuwa lokaci sukan jefo tambayar sirri don su tabbatar ɗalibin ne da kansa a zaune. Wai, wane abinci kika fi so? Na yi dariya ni kaɗai a kicin. Ni fa na haife ta, ni na yaye ta. Na rubuta farfesun naman sa, wanda nake yi da masara da kabewa, wanda take suɗe kwanonsa. Aka ce ba haka ba ne. Na rubuta farfesun Mama. Aka ce ba haka ba ne. Na ce ƙila kwamfutar ce ba ta gani sosai, na sake rubutawa da manyan baƙaƙe. Sai karatun ya kulle ƙam.

Da yamma ta dawo ta tarar da shi a kulle, ta buga wa makarantar waya. Ina juya miya na ji ta tana ba su amsar: "Tako na gidan mai, mai ƙwai da dankali." Tako na gidan mai, Goggo! Wainar masarar nan mai haɗi a ciki da ake naɗewa a takarda a miƙa wa direbobin tirela ta gefen famfon fetur. Ludayin ya suɓuce mini. Da ta ajiye wayar ta juya kan kakanta ta ce, "Tsoho mai ran ƙarfe, kai ka taɓa mini kwamfuta ko?" Ya ce, "Ni? Ke, wayata ma sai na lallashe ta take amsa kira. Je ki nemi ɓarawonki cikin masu lafiyar ido." Ya faɗa yana kallon tukunyata. Na ɗauki ludayina na ci gaba da juya miya, na bar bawan Allah da zargin.

Na rantse ba zan ƙara ba, kuma na riƙe rantsuwar har wata guda. Amma ranar Alhamis ɗin nan, kwana biyu da karɓo takardarta, tunda akwai sauran darussan da take ci gaba da su, ta sake barin kwamfutar a buɗe, a jone da wuta, daidai inda nake zama in sha kofi. Sakacin yaran yanzu sai su. Har harshen darasin ta juya zuwa harshenmu na gida, Sifaniyanci, yarinyar da Sifaniyancinta ke ba ni kunya a gaban dangi. Na ce wannan karon gwajin share fage kawai zan yi, wanda ba a rubuta wa kowa. Ina tsakiyar yi tambayar nan ta sake faɗowa. Na danne zuciyata na rubuta tako na gidan mai. Aka ce ba haka ba ne. Na rubuta farfesun Mama, sai kawai ya buɗe. Na ci ashirin da takwas cikin talatin, na tashi na taka rawa ni kaɗai tsakanin murhu da firiji, sannan kunya ta rufe ni.

Yanzu ki faɗa mini, in gaya mata ko in bar kaza cikin gashinta? Ni na koya mata cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, ga shi tawa ta shekara goma a tsakar gida. Ina tsoron ta yi mini dariyar da aka yi mini a lambu, kuma na fi tsoron ta daina yarda da maganata. Ga darussan nan biyu da ba ta taɓa gani ba, damina kuma tana tafe, abin yana hana ni sukuni. Sannan wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba: ina son in tuƙa mota. Shekarata arba'in da ɗaya, ko hauka ne? Abu guda dai ya sanyaya mini rai, yarinyar ta dawo hayyacinta ta gane farfesuna ya fi na gidan mai.

Taki,
Mai kujerar baya


'Yar'uwa mai kujerar baya,

Barkanku da arziki, Allah ya sa takardar Yaretzi ta zama ta alheri. Wasiƙarki ta sa ni dariya har shayina ya huce, amma ba irin dariyar lambu ba ce, kwantar da hankalinki.

Bari in fara da inda ba wasa. Darussan nan biyu ba naki ba ne, nata ne, kuma kin cinye mata su. Ruwan sama ba ya tambayar sunan wanda aka rubuta a kwamfuta, jirgin ƙasa ma haka. Kafin ta sake zama a bayan sitiyari, ta koma ta yi su da idonta da kunnenta. Ku buga wa makarantar waya ku biyu, ki faɗa musu abin da ya faru da bakinki, ki roƙa su sake buɗe mata su. Ba ke ce uwa ta farko da ɗoki ya ɗeba ba. Daga yau kuma ki cire hannunki daga karatunta, ko da gwajin share fage ne, domin tambayar sirrin nan don kare ta aka sa ta. Baba Nicanor ma yana bin ki ban haƙuri, ki kai masa shi da kwano a hannu.

Ta ɗaya ɓangaren, ba zan ɗora miki laifin da ya fi ƙarfinki ba. Yarinya ce ke a lokacin, sabuwar amarya a gaban dangin miji, aka ba ki mota ba darasi ba komai, aka tsaya ana kallo da nama a hannu. Wanda ya kamata ya ji kunya shi ne malamin da ya zaɓi bakin rami ya fara koyarwa, ki gaishe mini da Eusebio. Kuskuren minti ɗaya kika yi wa kanki hukuncin shekara ashirin a kansa, ya isa haka.

Son tuƙi a shekara arba'in da ɗaya ba hauka ba ne. Akwai karatun manya a kwamfuta, gajere ne, har da Sifaniyanci. Ki buɗe naki da sunanki, ki zaɓi tambayar sirrin da kika san amsarta. Ki sani lasisin ba zai mayar da ke gefen Yaretzi nan take ba, doka tana son mai rakiyar ɗan koyo ya ɗan jima da lasisinsa, ki tambayi ofishin ki ji. Ki kuma tuna a can sai an gwada idon mutum, to ranar ce ƙaryarki za ta faɗi da kanta, gara ki riga ta faɗa.

Saura tambayarki ta ko ki gaya mata. 'Yar'uwa, sake karanta wasiƙarki a hankali. Tsohon da ya shekara ashirin yana kiran wuri tafkin amarya, kina zaton jikarsa ba ta taɓa jin labarin ba? Yarinyar da ta iya karatun dokokin hanya, kina zaton ta yarda kakan da ba ya iya amsa waya ne ya gama mata darasi biyu? Kuma wane sakaci ne ke jona kwamfuta da wuta, ya ajiye ta a gaban kujerarki, ya juya ta zuwa harshen da kika fi ji? Ina baƙin cikin sanar da ke cewa har yanzu tako na gidan mai ne a ranta. Ba ra'ayinta ta canza ba, amsar ta canza, ta sa wadda ta san uwarta za ta rubuta. Ta san komai, kuma ba ta yi dariya ba, ƙofa ta bar miki a buɗe.

Saboda haka ki ɗora farfesun ranar Lahadi, ki zaunar da ita ki ba ta labarin ramin da bakinki. Idan dariya ta zo, ku yi ta tare. Allah ya kiyaye muku hanya ku biyu, ya kuma mayar da ke kujerar gaba, amma wannan karon wadda ke da sitiyari.

Goggo Ofelia