Kwalbar da Tae-gon Ya Bari

Mokpo, 18 ga Maris

Tae-gon! Ɗana, kana ji na? Na san ba ka ji na. Omma ce, uwarka.

Ka ci abinci? Mai zafi suke ba ku? Mai sayar da ƙaguwa ta kusa da rumfata ce ta nuna mini yadda ake rubuto wa sababbin sojoji ta waya, wai su buga a takarda su miƙa maka. Yatsuna duk ƙarnin kifi, in ka ga kuskure ka gyara da kanka.

Kwalin kayan da ka tafi da su, da sojoji suka mayar mini, ya iso. Kowa ya ce zan yi kuka. Ban yi ba. Na wanke, na ninke. Rigar sanyin na ba ƙanwarka Ye-sol, na naɗe mata hannun sau uku.

Maganarta ma zan yi maka. Malamar ajinsu, Malama Pyo, ta kira ni. Wai ba ta zama, ba ta barin kowa ya ƙarasa magana, ta ɓatar da littafi uku a sati biyu. Wai in kai ta a duba, tana ganin irin ciwonka ne, mai haruffa huɗun nan. Ban kai ta ba. Kai namiji ne. Ita mace ce, shekara sha ɗaya. Sunanta ya shiga littafin asibitin ƙwaƙwalwa, gobe wajen aiki ko aure a tono shi.

To ina share ɗakinka sai ga kwalbar maganinka a durowa, cike. Ka manta ta, kamar kullum. Na ce ciwo ɗaya, uwa ɗaya, uba ɗaya. Ƙwaya ɗaya nake ba Ye-sol da safe, yau kwana tara.

Ya yi aiki. Ka san yadda take manta lambobin da ake dannawa a buɗe ƙofa ta tsaya tana dukanta da ƙafa tana ihu. Yanzu sai dai ka ji tit tit tit tit, ta shigo, ta jera takalmi.

Ka riƙa sa safa biyu. Ka zauna lafiya.

Omma

Sansanin horo, 26 ga Maris

Zuwa ga Omma,

Ina gaishe ki. Ina cin abinci, ƙafata ta yi bororo amma ina lafiya.

Omma, ki daina ba ta. Don girman komai ki daina.

Ni maganin ya yi mini. Kafin shi kaina kamar rediyo goma ne a kunne, in na sha sai tara su mutu in ji ɗaya sosai. Amma ba da wannan na fara ba. Kin manta, ko lokacin kina kasuwa. Na farko ya hana ni barci. Wata biyar Likita Bang yana auna ni, yana ragewa yana ƙarawa. Na cikin kwalbar nan na mai kilo saba'in ne.

Akwai wani a ɗakinmu, Hyeok, shi ma ADHD ɗin ne. Ya ce da ya sha irin wannan nawa, zuciyarsa ta riƙa bugu, yana kuka ba dalili. Wani daban ne ya karɓe shi. Ina jin Ye-sol irina ce, ina ganin kaina a jikinta. Amma magani ba rigar sanyi ba ne da za ki naɗe hannu.

Kada ki tambayi Malama Pyo yadda take. Ita za ki tambaya.

Ki kula da bayanki wajen ɗaga ƙanƙara.

Ɗanki, Tae-gon

Mokpo, 2 ga Afrilu

Tae-gon, ka ci abinci?

Takardarka ta zo. Na karanta a tsaye. Ban daina ba tukuna, ba zan yi maka ƙarya ba. Ranar da ta zo ranar aka ba Ye-sol takardar yabo a makaranta, ta farko a rayuwarta. Na manna a firji. Ita ko kallonta ba ta yi ba.

Tsoho Gil na benen ƙasanmu, mai dukan silin da sandar tsintsiya, ya tare ni a matakala. Ya ce, "Uwar Tae-gon, kin sayar da akun nan taki mai surutu ne? Nawa suka ba ki?" Na ce ta girma ne. Ya ce, "Sati uku ban zagi kowa ba, har hawan jinina ya rasa abin yi." Ya yi dariya. Ni ma na buɗe baki.

Jiya ranar haihuwar Ye-sol, na yi miyar ciyawar teku. Cokali biyu ta sha. Na ja ta kasuwa na ɗora ta a sikelin kifi. Kilo biyu sun tafi.

Sai na tambaye ta, yadda ka ce. Na ce, "Ye-sol, yaya kike ji?"

Ta ce, "Ba komai."

Na ce, "Ba komai mai daɗi ko ba komai mara daɗi?"

Ta nuna tankin da nake zuba kifi masu rai. Ta ce, "Kamar ina ciki, Omma. Ina ganinku. Bakinku yana motsi." Sai ta ce, "Amma Malama tana so na yanzu. Ke ma ba kya ihu."

Na ci gaba da fere kifi. Ni tun da teku ta ci babanku a tankin nan nake, ba ƙwaya ba komai. Na ɗauka haka girma yake.

Sauran goma sha ɗaya a kwalbar.

Ka zauna lafiya.

Omma

Sansanin horo, 8 ga Afrilu

Omma,

Ina gaishe ki. Minti biyar suka ba mu.

Shekara takwas sunana yana littafin Likita Bang. Shekaranjiya ƙasa ta ɗauki bindiga ta miƙa mini. Lambar likitan tana jikin kwalbar. Ki gaya masa gaskiya, zai yi faɗa, ba zai cinye ki ba.

Ki ce wa Ye-sol Oppa, yayanta, ya ce ta rubuto masa shirme shafi uku. Nan kowa shiru yake.

Ɗanki, Tae-gon

Mokpo, 12 ga Afrilu

Tae-gon, ka ci?

Na je wajen Likita Bang. Na kai masa kwalbar a ledar kifi. Ya cire tabarau ya yi faɗa, ni ina kallon kalanda. Ya ce a daina ba ta, in kawo ta Alhamis ya duba ta daga farko. Wai wataƙila kaɗan ne nata, wataƙila wani iri, wataƙila a jima ana nema. Yarinyar da ke rubuta sunaye a teburin asibitin ta ce, sunan mara lafiya? Na faɗa. Ta rubuta. Shi ke nan, ya shiga. Ban ji komai ba.

Yau kwana biyu ba ta sha ba. Jiya dai da lambobi ta shigo, ta kwanta. Yau Malama Pyo ta kira sau biyu, ban ɗauka ba.

Na bar wa mai ƙaguwa rumfa na dawo gida. Ban san me ya sa ba. Na dafa shinkafa da yawa. Ƙarfe huɗu saura, yanzu suke tashi daga makaranta. Ina zaune a ƙasa ina kallon ƙofa kamar wata sakarya. Ban sani ba, Tae-gon, ko wadda na saka a tankin za ta iya fitowa, ko na riga na

Tsaya. Ana dukan ƙofa. Da ƙafa ne. Ga sandar Tsoho Gil ma ta fara, bari in