Haɓon gidanmu da bangon laka

Inna, assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan makwanci ya yi sanyi. Ni ta, Hajo taki ta Gwadangaji. Wayar jikanyarki nika latsawa, ki yi haƙuri da rubutun.

Inna, haɓonmu na gado ya dawo. Rannan ina tsintar shinkahwa sai ga jini ɗis ɗis bisa faifai. Nan take nit tuna maganinki: a watsa ma bangon laka ruwa, a manna hanci a shaƙa. Kina cewa jinin lahiya na, yawa ya yi shina neman hanya.

To Inna, ina bangon laka Gwadangaji? Dut bulo da siminti. Na shaƙi siminti, ba komi sai atishawa. Nih hita ina bin gidaje, kaina sama awa mai duban wata, har na taka kazar mutane. Laka guda da nis samu, bangon garken awakin maƙwabciyata Asabe, wadda ka aikin nas asibiti. Nan tat iske ni, hanci manne ga bango, bunsuru shina cin bakin mayahina.

Ta yi dariya har da hawaye. Sannan tac ce in zauna, in duƙar da kai gaba, ba baya ba, in matse hanci. Da jinin ya tsaya tad ɗaura mani abin awon nan mai matse hannu. Sai dariyar ta ɗauke. Hawan jini, Inna.

Ta ce ba kowane haɓo na na hawan jini ba, zahi ma shina kawo shi. Amma babba in shina yawan yi, ko jinin shi ƙi tsayawa, a je a auna. Yanzu kullum ina shan magani, miyata salam ba gishiri. Maigidana Malam har ya tsiri zumunci, da an kusa kwashe tuwo sai ya tahi gaida ƙanwatai.

Tun rannan nika tuna bangon ɗakinki na Argungu, wurin nan da ya lotsa don yawan jiƙo. Da ciwon kan da kika ɗaure ma kallabi tamau ki ci gaba da daka. Da sahiyar da munka iske ki kwance bakin murhu. Ban sani ba ko hawan jinin na. Ba wanda ya taɓa auna ki.

Saura ɗanki, Yaya Ummaru. Shi ma haɓo shika yi cikin fadama, wai shi ba a ɗaura mishi komi, ga laka ko'ina Argungu kyauta. Na roƙa, na yi kuka, ya ƙi. Sai nic ce mishi shi zo, yau na yi tuwon shinkahwa da miyar kihi irin taki. Yanzu haka Asabe tana bayan labule da abin awonta, Malam zai tsare zaure in ya nemi gudu. Miyar ma ba gishiri, bai sani ba.

Allah shi jiƙanki Inna, shi haskaka kabarinki. Shi bar mani wanga mai taurin kai, don shi kaɗai ya rage mai kirana Hajjajo awa ke.

Taki har kullum, Ha

Inna ana bugun ƙohwa, wanga bugu awa za a ɓalle ƙyaure, shi na. Asabe, ɓoye takalmanki! Bari in