Wanda Zai Fara Haye Sabuwar Gada

Litinin, 4 ga Maris

Shekarata tamanin da ɗaya, ina hawa bene ba tare da sanda ba, kuma ba na bukatar tausayin kowa. Na rubuta haka ne domin Hiraiwa-san na ofishin gari ya sunkuya mini har sau uku yana ba ni haƙuri, kamar wanda ya zo ta'aziyya.

An gama sabuwar gada. Ranar talatin ga wata za a buɗe ta, sannan a kwance tsohuwar, wadda mahaifina, Narahara mai gada, ya yi shekara talatin da huɗu yana ɗaga wa jiragen masunta. Ban yi gardama a kan wannan ba. Da idona na ga motar asibiti a layi har kasuwar kifi, tana jiran gada ta sauko. Abin da na tambaya shi ne, wa zai fara hayewa? Ya ce bisa al'ada sai gidan da ke da ma'aurata hawa uku: kakanni, da ɗansu da matarsa, da jikansu da matarsa. Wato gidan Fusae mai tofu, awarar waken soya. Ni kuwa, 'yar mai gada, an tanadar mini kujera a sahu na uku.

Alhamis, 7 ga Maris

Fusae. Wadda ta yi shekara shida tana leƙen littafina a aji muna ɗalibai. Ni na koya wa rabin garin nan karatu. Ita ta yi aure ta haihu, wanda ta haifa ya haihu. Da wannan kaɗai ta sha gabana.

Asabar, 16 ga Maris

Na je sayen tofu wurin Fusae, domin ba zan sauya shago saboda kowa ba.

"Toki-chan, kin ji labari? Ni da tsohon nan za mu ja gaba!"

Na ce na ji, ta dai yi ta maimaitawa a gida, tunda ranar ba ta da wanda za ta leƙa. Ta yi ta dariya har tana riƙe ciki. Ba ta taɓa gane an yi mata baƙar magana ba, ko kuwa tana ganewa, ban sani ba.

Ta fito da kimonon da za ta sa, kayan bikinmu na gargajiya, baƙi mai zanen zalɓe a gefen ƙasa. Na ce ba laifi. Mijinta Genzo, wanda tsufa ya fara ruɗawa, yana zaune a bakin ƙofa. Ya tambaye ni ko an tashi daga makaranta.

Laraba, 20 ga Maris

Na mayar wa ofishin gari da katin gayyatarsu.

Lahadi, 24 ga Maris

Su Fusae sun yi gwajin haye gadar. Ban je ba. Tagar ɗakina ce ke kallon wurin. Da suka iso bakin gadar sai Genzo ya tsaya cak. Ɗansa ya ja shi, jikansa ya lallashe shi, Fusae ta yi ta nuna masa hanya. Ko motsi. Daga ƙarshe aka mayar da shi gida a mota.

Na ji daɗi. Na rubuta ne domin gaskiya ce, ba domin ina alfahari da ita ba.

Talata, 26 ga Maris

Fusae ta zo gidana, karon farko cikin shekara goma sha ɗaya. Ba ta taɓa shayin da na zuba mata ba.

Ashe Genzo cewa yake ba a kaɗa ƙararrawa ba, don haka ba a ba da hanya ba. Hankalinsa ya koma zamanin da babu ƙararrawar lantarki, lokacin da mahaifina yake kaɗa ta hannu: biyu a jere, ɗan shiru, sannan ɗaya. Sun gwada masa ta keke, sun aro ta makaranta. Ya saurara ya ce, "Wannan ba hannun Narahara ba ne." Kwamitin bikin ya ce in bai haye ba a gwajin Juma'a, za a ɗauko wani gida daga garin maƙwabta.

"Ba don ni nake roƙon ƙararrawar ba, Toki-chan. Ba zai ga wata bazarar ba."

Na ce ban san inda ƙararrawar take ba. Ta dube ni ta ce, "Tun muna yara, in za ki yi ƙarya sai kin gyara tabarau." Ta sa takalmanta ta tafi.

Ƙararrawar tana cikin akwati, ƙarƙashin hoton mahaifina. Shekara arba'in ina goge ta kowace sabuwar shekara.

Garin nan ya manta da shi. Mutum ɗaya ne ya rage da ya san hannunsa, shi ma wanda ya manta sunan ɗansa.

Juma'a, 29 ga Maris

Ba wai na sauya ra'ayi ba ne. Abin da ba zan lamunta ba shi ne baƙi daga wani gari su fara taka gadarmu.

Ƙararrawar ta fi yadda nake tsammani nauyi, sai da na riƙe ta hannu biyu. Biyu, shiru, ɗaya. Genzo ya cire hula ya sunkuya mini, ya ce, "Sannu da aiki, mai gada." Sannan ya kama hannun Fusae suka wuce ni, a hankali, har ƙetare. Iskar ruwan nan tana sa ido hawaye. Ya kamata su yi tunanin wannan tun wajen gini.

Ban jira a roƙe ni ba. Na riga na je ofis na shaida wa Hiraiwa-san cewa gobe ni zan tsaya a bakin gada, kuma ba wanda zai ɗaga ƙafa, har magajin gari, sai na kaɗa.