Iskar da Motar Baba Ke Nema

Leadville, Colorado
3 ga Disamba

Zuwa ga Yaya Lorraine,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wasiƙar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki. Mu nan lafiya lau. Baba yana cin abinci sosai, sai dai numfashinsa ya ƙara gajarta, kuma likita ya ce ba lallai ne baɗi ya bar shi ya hau dutse ba.

Kin rubuto cewa a sayar da tsohuwar a-kori-kurarsa. Na auna maganarki, amma ban goyi baya ba. Kin san tun muna yara a cikinta yake hawa dutse ya saro bishiyar Kirsimeti, kuma ya rantse ba zai shiga wata ba. Bara ta kasa hawan, muka juyo hannu rabbana. Injinta bai mutu ba. Iska ce take yi masa ƙaranci a can sama, kamar dai mai ita.

Saboda haka na haɗa mata na'urar lantarki mai cusa iska cikin injin. Kawu Merle ya kawo mini injin da yake hure busassun ganye da shi a tsakar gidansa, ya ce in ɗaura in huta, wai digiri ya hana ni ganin hanya mai sauƙi. Na gode masa, na ajiye, domin wannan kaɗa iska yake yi, ba ya matsa ta. Na samo fankar turbo, wato mai matsa iska cikin inji, ta wata babbar mota, na haɗa ta da ƙaramin injin lantarki mai saurin juyi, na ware masa baturansa. Sannan na ƙara yawan man da injin motar yake sha daidai da iskar, don kada injin ya ƙone. Sannu ba ta hana zuwa.

Ranar Asabar muka tafi mu uku, ni da Baba da Kawu. Daidai inda ta tsaya bara motar ta fara tari, sai na danna maɓallin. Ta haura ba gardama. Kawu ya ce addu'arsa ce ta tura ta. Baba bai yabe ni ba, kin san halinsa. Cewa ya yi in ƙera masa irinta a ƙirji. Ya zaɓi karkatacciyar bishiya, kamar kullum.

Tana tsaye a falo yanzu. Ya hana kowa ɗora mata tauraro, ya ce aikinki ne. Ina ganin ki zo bana, Yaya.

Matata Darlene tana gaishe ki. Ki gaida maigidanki Dwight, da 'yarki Corinne da jaririnta.

Naki ƙane,
Lowell