Baba ya ajiye aska, maigida ya ƙi asibiti

Anti Gaji, don Allah ki taimaka mini da shawara, kaina ya kulle.

Mahaifina wanzami ne a Toranke, shekara arba'in yana riƙe da aska. Rabin mazan garin nan shi ya yi musu kaciya. Maigidana kuwa yana da wani ƙullutu a ƙeya, girman goro, ba ya ciwo, sai dai hula ba ta zauna masa daidai. Sau biyu Baba yana tsagawa ya matse, wani farin abu mai kauri da wari ya fita, wurin ya sace, bayan 'yan watanni ya dawo. A karo na uku, ranar kasuwar Ajingi, a rumfarsa gaban jama'a, Baba ya shafa wurin, ya ninke askarsa, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, a tafi asibiti. Wallahi Anti, ban taɓa alfahari da shi kamar ranar ba. Amma mutane, kai! Har an fara cewa hannun tsoho ya mutu.

Shi kuma maigidan ya kafe ba zai je asibiti ba, wai zuwansa tamkar ya shaida wa duniya surukinsa ya gaza ne. Mutumin da ko ido ba ya iya haɗawa da Baba! Yau sati guda wurin ya yi ja, ya ɗau zafi, ba ya iya kwanciya rigingine. In na faɗa wa Baba, maigidan zai ce na tona masa asiri, in na yi shiru ina tsoron abin da zai biyo baya. Yaya zan yi?

'Yar Wanzam, Toranke

'Yar Wanzam, sannu. Allah ya ba ki uba da miji na kirki, shi ya sa kika shiga tsaka mai wuya. Wanzamin da zai ninke aska a tsakiyar kasuwa ya faɗi gaskiya, wannan gwani ne, ki bar masu surutu.

Daga bayaninki, ya yi kama da ƙullutun nan da ke da 'yar jaka a ƙarƙashin fata. Jakar ce ke tara farin abin. Matsa tana zubar da na ciki ne kawai, muddin jakar na nan za ta sake cika. Yawancinsu ba su da haɗari, amma likita ne zai tabbatar, don ba duk kumburi ne iri ɗaya ba. A asibiti allurar kashe zafi ake yi a wurin, a ciro jakar gaba ɗaya, a ɗinke, galibi a sallami mutum a ranar. Tunda ya yi ja da zafi, da alama ƙwayar cuta ta shiga, sai an fara maganinta kafin a cire. Kada a ƙara matsawa, kada a shafa komai, kuma kada a kai wani satin.

Kunyar maigidanki abin yabo ce, sai dai ya ajiye ta inda ba wurinta ba. Baba ya ce a je asibiti, shi ya zauna, to wa ya ƙi jin maganar suruki?

Ki faɗa wa Baba yau, wannan ba tonon asiri ba ne. Ki roƙe shi ya saka babbar rigarsa gobe da safe, ya tsaya a ƙofar gidanku ya ce ya zo raka surukinsa asibitin Gaya. Ni dai ban ga bakin da maigidanki zai buɗe ya ce masa a'a ba.

Allah ya ba shi lafiya, ya ja kwanan Baba.