Matar da ke Zama a Bencin Gefen Lilo

Ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara da ƙafar nan taki mai ciwo. Mu nan lafiya lau. Wata huɗu ke nan ina gidan ɗana, ana ba ni ci da sha kamar jinjiri. Shi da matarsa tun safe suke fita aiki. Da ba don Amaryata ba, jikata 'yar shekara huɗu, da bangon ɗaki zan riƙa yi wa hira. Kullum da hantsi nake kai ta filin shaƙatawa na bayan layinmu, ta hau lilo, ta jefa wa agwagi gutsuren burodi, ta ce ni tsoho ne, ta fasa aurena.

To ga abin da ya dame ni. Akwai wata mata mai jar jaka, kwana tara ke nan duk sanda muka je tana bencin gefen lilo. Ba ta da yaro, ba ta karatu, mu kawai take kallo tana latsa waya. An ce a ƙasar nan hukuma na iya raba mutum da ɗansa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Na gaya wa ɗana, sai ya ce, "Baba, ƙyale ta," bai ko ɗago kai ba. Wannan amsar ba ta kwanta mini ba.

Yayanki.

*

Ɗana,

Bayan gaisuwa, babanka ya rubuto mini zancen wata mata da ke bin sa a filin wasa. Ni na goya ka, na san in ka ƙi kallon mutum to akwai abin da ka ƙunsa. Wace ce ita? In gajiya kuka yi da shi, kuna neman dalilin kai shi gidan tsofaffi irin na can, ka faɗa mini a fili in turo a ɗauko mini ɗan'uwana. Ka gaida matarka, in ba ita ce ta kitsa ba.

Gwaggonka.

*

Gwaggo,

Ina gaisuwa tare da neman afuwa. Wallahi ba haka ba ne, kuma matata ba ta da laifi.

Wata Laraba Baba ya fita da yarinyar, ya ɗora ta a lilo, sai ya dawo gida shi kaɗai, ya cire takalmi ya kunna rediyo. Mai share filin ne ya tsince ta bayan awa guda, ya ga lambata a wuyan rigarta ya kira ni. Da na dawo da ita, Baba ya ce, "Ina kuka je ba ku gaya mini ba?"

Matar nan maƙwabciyarmu ce, tsohuwar nas. Ni na roƙe ta ta riƙa sa musu ido, tana turo mini saƙo. Na kasa hana shi fitar, yarinyar kaɗai ce ke sa shi dariya. Na kuma kasa gaya masa. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana tuƙa babbar mota bai taɓa ɓatan hanya ba, da wane baki zan ce masa ya manta jikarsa? Don Allah ki rufa mini.

Ɗanki.

*

Ƙanwata,

Shiru ba amsa, lafiya dai? Ba halinki ba ne.

Na gwada matar nan. Na canza ƙofa, na shiga ta wajen tafki, ta biyo mu. Na fita da la'asar maimakon hantsi, sai ga ta tana haki. Wa ya gaya mata? Jiya kuma ta taga na hango ta da surukata a bakin matakala suna ƙus-ƙus, da suka gan ni suka rabu. Ashe a cikin gida abin yake.

Na yi tunani iya tunani. Ban taɓa ɗaga wa yarinyar nan hannu ba. Me suke zargina da shi da har za a sa mini ɗan sanda mai jaka? Na haɗa kayana a akwati. Ke ma na fara tunanin ɗana ya rubuto miki. In kin san wani abu, ki dubi zumunci ki gaya mini.

Yayanki.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. I, ya rubuto, ya ce in rufa masa, amma ban taɓa yi maka ƙarya ba, ba kuma zan fara da furfura ba.

Ba wanda ke zargin ka da mugunta. Wata Laraba ka bar Amarya a kan lilo ka koma gida, ka manta cewa tare da ita kuka fita. Awa guda tana can ita kaɗai. Matar nan nas ce, ɗanka ya roƙe ta don kada a hana ka fita. Ni ma na zarge shi, na ji kunya daga baya. Ka kwance akwatin nan, ka yarda a kai ka wurin likita.

Ƙanwarka.

*

Ƙanwata,

Na karanta sau uku. Ban tuna ba, ko kaɗan. Har na ce ke ma sun saye ki. Sai na tambayi Amarya, ta ce, "Na jira ka, Kaka. Kaɗan na yi kuka."

Ranar Alhamis za mu ga likita.

Yau na je na gaida matar, na ce ta daina laɓe-laɓe, ta taho mu tafi tare. Wajen tsallaka titi ta miƙo hannu za ta kama yarinyar, na ce a'a, wannan aikina ne. Sai matar ta kama nawa hannun. Na bar ta.

Ki sa ni a addu'a.

Yayanki.