Kiran Sallar da Ka Yi a Kan Dutse

Zuwa ga Yayana Idrisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya a Kano, kai da mutanen gidan Kawu da suka ba ka masauki. Umma tana gaishe ka. Ni ma ina gaishe ka, ko da yake wata goma sha huɗu ke nan ba ka amsa mini ba. Na kira, na tura saƙo, na aiko mutum, shiru. Shi ya sa na rubuta a nan shafin sada zumunta inda kowa zai gani, na san wani zai nuna maka. Ka yi haƙuri, ka san ni da taurin kai tun ina yaro.

A ɗaki ɗaya aka haife mu a unguwar Ammariyya da ke nan Jidda, amma rabonmu ya bambanta. Ni na samu kafili, wato maigidan da ya tsaya mini, da iƙama, takardar izinin zama, ina tuƙa iyalinsa a unguwar Abhur. Kai kuwa kafilinka ya rasu, takardarka ta mutu, ka shekara goma sha ɗaya kana gyaran na'urar sanyaya ɗaki a ɗan shagonka na unguwar Sa'alaba, ba ka taɓa wuce bakin Jidda ba don gudun shingen bincike.

A shekarun nan ka koyi rage murya. Kai da ka gaji muryar Baba, mutumin da in ya kira ɗansa daga bakin lungu har 'ya'yan maƙwabta sai sun fito, ka koma ko mai burodin tamis sai ya ce ka maimaita. Abin yana ba ni haushi, wallahi, kuma ban taɓa zama na tambaye ka yadda kake ji ba.

Ni na matsa aka yi tafiyar nan. Zafi ya tsananta, maigidana ya tafi hutu da iyalinsa ya bar mini mota, na ce mu je duwatsun kudu wajen Baha. Sau uku kana cewa a'a. Na kira ka matsoraci. Na ce kullum kana gyara wa mutane sanyi, kai ba ka taɓa jin sanyin da Allah ya yi ba. Wannan maganar ce ta kama ka. Da muka je sallama, Umma ta riƙe hannuna ta ce, "Ka dawo mini da shi yadda ka ɗauke shi."

Da tafiya mun bi ƙananan hanyoyin ƙauyuka da wani direban babbar mota ya kwatanta mini, inda babu bincike. Sun ƙara mana awa huɗu, ina ta mita, kai kana ta kallon waje. Ka tuna birin da ya fizge mana burodi ta taga? Dariyar da ka yi har sai da na tsayar da mota.

Washegari bayan asuba wani tsoho mai sayar da zuma ya nuna mana hanyar awaki da ke hawa doron dutsen. Ka sayi kwalba ɗaya don Umma. Ya dubi silifas ɗin da ke ƙafarka ya girgiza kai. Ni ina ta taƙama da takalmin da na saya musamman, ina yi maka tsiya.

Da muka kai inda hanya ta tsuke, rami dama rami hagu, sai ga ni, mai kiran mutane matsorata, ina rarrafe. Ka wuce gaba ka miƙo mini hannu ka ce, "Kada ka dubi ƙasa, dubi bayana kawai." Igiyar silifas ɗinka ta tsinke, ka zaro 'yar waya daga aljihu ka ɗaure ka ci gaba. Awa biyar muka yi, ba ka yi ƙorafi ko sau ɗaya ba.

A can sama gajimare yana ƙarƙashinmu, Yaya. Sanyi yana shiga ƙashi a tsakiyar watan da Jidda take tafasa. Lokacin azahar ya yi. Ka duba gabas da yamma, ka ce, "Babu kowa, ko?" Sai ka ɗaga hannu zuwa kunne ka kira sallah. Subhanallahi! Muryar Baba ce sak, ta bugi dutsen da ke gabanmu ta dawo. Na ciro waya na ɗauka. Da ka gama hawaye na zubo maka, ka ce iska ce. Can kuma ka ce, "Ashe tana nan."

Abin da ba ka sani ba lokacin, da muka hau sama waya ta kama, saƙon maigidana ya shigo cewa sun fasa sauran hutu, in tarye su a filin jirgi da safe. Kana kiran sallah rabin hankalina yana kan agogo.

Da muka sauko ka ce mu koma ta hanyar da muka zo. Na maimaita abin da na faɗa tun a sama: babu lokaci, babbar hanya za mu bi, ba kullum ake tsayar da mutane ba, halas, magana ta ƙare. Ka daɗe kana dubana, sannan ka ce, "Kai ne direba."

Aka tsayar da mu. Jami'in bai yi mana tsawa ba, aikinsa ya yi. Ya duba iƙamata ya miƙo mini, ya jira taka. Ka buɗe ƙofa da kanka. Ka ajiye makullin shago da kwalbar zuma a kan kujera, ka ce, da ƙaramar muryar nan taka, "Ka kai wa Umma." Bayan 'yan makonni aka sa ka a jirgi zuwa ƙasar da ba ka taɓa gani ba sai a labarin Baba. Ni kuwa na isa filin jirgi kan lokaci, har da saura.

Daga baya na ji ka gaya wa Umma cewa kai ka zaɓi hanyar. Ka rufa mini asiri, ka kuma daina yi mini magana. Ni kuma na yi shiru na bar ta a haka. To yau ina faɗa a gaban kowa: ni ne. Ka faɗa mini gaskiya na ƙi ji, don kada maigidana ya jira ni minti goma.

Jikin Umma ya ja baya. Idonta ya yi rauni, likita ya ce ba za ta iya doguwar tafiya ba, kai kuma an hana ka dawowa. Wannan ne yake hana ni sukuni, ina tsoron kada ku sake ganin juna.

Duk ranar da na je Ammariyya sai ta ce in kunna mata kiran sallarka. Kullum ina kashewa da zarar ka gama, domin na manta ban tsayar da ɗauka ba a ranar, kuma a ƙarshe ana jin muryata ina cewa, "Yalla Yaya, yi sauri, babbar hanya za mu bi." Ranar Juma'ar nan ina zuba mata shayi, hannuna bai kai ba. Ta ji. Na tsaya da buta a hannu na rasa inda zan sa kaina. Ta ce, "Na sani tun ranar da ka shigo da zuma kai kaɗai. Idrisu ba ya bin babbar hanya ko a mafarki. Mayar da shi farko, ka bar shi ya kai ƙarshe, wannan ma muryar ɗana ce." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na yi kuka a gabanta kamar yaron goye.

Yaya, ban ce sai ka yi mini magana ba, ban cancanta ba. Amma Umma ta ce har yanzu in ka kira ta ba ta jin ka sosai, ƙasa-ƙasa kake magana. Babu mai tambayarka takarda a can. Kawu ya ce masallacin ƙofar gidansu ba shi da tsayayyen ladan. Don Allah ka kira musu sallah ko sau ɗaya, da muryar nan ta kan dutse, ka sa a ɗauka ka turo mata. Ina so ta samu wanda babu muryata a ƙarshensa.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya sa baƙuncin nan ya zama alheri. Allah ya ja kwanan Umma har ta sake riƙe hannunka. Allah ya yafe mini, kai ma in ka samu iko ka yafe.

Makullin shagonka yana wurina, na biya na share ƙura jiya.

Ƙaninka mai laifi,
Bashir
Jidda